Gyaɗa ba ƙwallon gilashi ba ce: fashin baƙi kan lissafin iska da ƙwaya a tukunyar tsartuwa

Ɗan yayata ya same ni gida a Gadarif ta ƙasar Sudan bayan la'asar, kwamfutarsa a hammata, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya buɗe ta. Yana shekarar ƙarshe a karatun injiniyan sinadarai, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ɗakin gwaji ya yi masa nisa, shi da ɗimbin tsararrakinsa. Abin da ya rage a hannunsu kwamfuta ce da manhaja. Ya nuna mini hoto mai motsi: ƙwayoyi ja da shuɗi suna tashi ta tsakiyar wata tukunya, su baje a sama, su zubo gefe, su gangara a hankali, su sake tashi. Ya ce, "Kawu, ga injin busar da gyaɗa na gama. Saura a kai wa mai walda."

Na ce, "Madalla. Gyaɗar wace gona ka auna?"

Ya yi shiru. Bai auna ko ɗaya ba. Lambobin da ya zuba na ƙananan ƙwallayen gilashi ne, ya ɗauko su daga wata takardar bincike.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda aka raba da ɗakin gwaji ya rungumi abin da ya samu, yabo ya cancanta. Sai dai hoton kwamfuta yana da wani kwarjini da ke mantar da mutum ya tambayi inda aka samo shi, ga shi ƙarfe da ladan walda a wannan zamani sun yi tsada. Shi ya sa na ga ya dace in warware zancen daga tushe, domin shi, domin sauran ɗalibanmu na Madani da Sinnar da Kasala, da kuma manoman da wata rana za a ce su zuba guminsu a cikin irin wannan na'ura.

Asalin abin daga alkama ne. A farkon shekarun 1950, a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa, injiniyoyi biyu, Mathur da Gishler, suna neman hanyar busar da alkama da sauri. Dabarar da aka sani lokacin ita ce a hura iska ta ƙarƙashin faranti mai ƙananan huji har abin da ke bisansa ya riƙa motsi kamar tafasasshen ruwa. Da gari mai laushi dabarar tana tafiya daidai. Alkama kuwa ta ƙi. Ƙwayarta ta yi girma, sai iska ta taru ta ɗaga tarin gaba ɗaya ta sake shi, tana ta dukan tukunya ba tsari. Da suka tura iskar ta huji ɗaya tak a tsakiyar gindi, sai iskar ta haƙa wa kanta hanya ta ratsa tarin ta fito sama, alkama kuma ta shiga zagaye cikin natsuwa. A 1955 suka wallafa abin da suka gani. A takardun Turanci sunanta sifautid bed. Ni tukunyar tsartuwa nake ce mata, don abin da ido ke gani ke nan: ƙwaya tana tsartuwa kamar ruwa daga fasasshen tiyo.

Siffarta ba wuya. Ganga ce a tsaye, gindinta kamar mazurari, galibi mai buɗewar digiri 60, da huji a ƙasa. A ciki kuwa duniya uku ce. Akwai maƙogwaro, wato hanyar nan ta tsakiya, inda iska ta fi ƙwaya yawa nesa ba kusa ba, ƙwaya kuma tana gudun mita da dama a sakan ɗaya. Akwai laima a sama, inda ƙarfin iskar ya ƙare, ƙwayoyi suka baje suka zubo. Sai zobe, tarin da ke kewaye da maƙogwaro, cushe, yana sauka 'yan santimita a sakan kamar hatsi a rumbun da aka buɗe wa ƙasa, yana ta zubar da ƙwaya cikin maƙogwaron tun daga sama har gindi.

Amfanin wannan zagaye duk mai suyar gahawa don jabana ta san shi, ko da ba ta taɓa jin sunan Kanada ba. Ba ta barin ƙwaya ɗaya ta daɗe a wurin da wuta ta fi ci. A tukunyar tsartuwa ƙwaya tana haɗuwa da iska mafi zafi na ɗan ƙiftawar ido ne kawai a maƙogwaro, sannan ta koma zobe ta huta, danshin cikinta ya samu lokacin fitowa bayan fata, kafin ta sake zagayowa. Don haka ana iya amfani da iska mai zafin da zai ƙona hatsi in da a kwance yake. A 1973 wani masani, Geldart, ya kasa ƙwayoyi gida huɗu bisa girma da nauyi. Gida na huɗu, manya masu kaurin milimita 1 zuwa sama, su ne 'yan wannan tukunya. Dawa, masara, wake, gyaɗa duk can suke. Yau da irin wannan dabara ake lulluɓe ƙwayoyin magani, da ita ake yi wa ƙananan ƙwayoyin makamashin nukiliya rufin kabon a zafin da ya haura digiri 1,000, kuma a Bilbao ta Sifen ƙungiyar masu bincike ta Olazar ta shafe shekaru tana gasa ɓuntun katako da robobi da tsofaffin tayoyi a tukunya mai siffar mazurari zalla don fitar da mai da gas.

To me ya kawo lissafi? Tukunyar tana da taurin kai. In hujin ya faye faɗi, ya wuce kimanin ninki 25 zuwa 30 na kaurin ƙwaya, tsartuwa ba za ta tsaya ba. In tarin ya faye tsayi, ita ma ba za ta yiwu ba, domin iska ba a maƙogwaro kaɗai take tafiya ba: tana sulalewa gefe cikin zobe tun daga ƙasa, kuma yawan mai sulalewar yana ƙaruwa yayin da ake hawa, har a wani tsayi saman zoben ya fara tafasa, maƙogwaro ya toshe. Sannan akwai tarkon da ya fi kama sababbin maƙera. Kafin iska ta huda tarin, sai ta tura shi da matsi mai kusan nauyin tarin duka. Da ta huda, matsin ya faɗi sosai. Wanda ya sayi fanka bisa matsin aiki kawai zai kunna, ya ji ƙara, ya ga dawa tana kwance abinta. Abin mamaki kuma, bayan ta huda kana iya rage iska ƙasa da wadda ta huda da ita, tsartuwa ta ci gaba, har zuwa wani mataki da za ta rushe farat ɗaya. Wannan mataki shi ake kira mafi ƙarancin gudun tsartuwa, kuma shi ne lamba ta farko da kowane mai zane yake nema.

Mathur da Gishler sun bar mana ƙa'idar ƙiyasta shi, wadda har yau ake koyarwa. Ka raba kaurin ƙwaya da faɗin ganga. Ka raba faɗin huji da faɗin ganga, ka ɗauki tushensa na uku, wato lambar da in ka jera ta sau uku ka ninka su za ta ba ka wannan amsar. Sannan ka ninka 2 da ƙarfin jan ƙasa da tsayin tari da ninkin da ƙwaya ta fi iska nauyi, ka ɗauki tushe na biyu, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan amsar. Ka ninka ukun. Bari mu gwada da dawa: ganga mai faɗin santimita 60, huji santimita 6, ƙwaya milimita 4, tari santimita 80, nauyin ƙwaya kilo 1,300 a kubik mita, iska kilo 1.2. Amsa ta kama mita 0.4 a sakan in an auna a faɗin ganga, wato wajen kubik mita 400 a awa. A bakin hujin kuwa, da yake ya fi ganga matsewa sau 100, gudun ya kai mita 40 a sakan, fiye da kilomita 140 a awa. Matsin hudawa kuma, in dawa tana da kilo 750 a kubik mita a tare, zai kai wajen santimita 60 na ruwa. Da biro da bayan ambulan an samu abin sayen fanka.

Amma ƙa'idar daga ƙananan ganguna aka ciro ta, kuma da an wuce faɗin kamar santimita 60 sai ta fara ba da ƙasa da gaskiya. Ba ta faɗin tsayin laima, ba ta faɗin sau nawa ƙwaya ke zagayowa a minti, ba ta nuna lungun da hatsi zai kwanta ya ƙi motsi ya ƙone. Ga kuma tukwanen da ba a iya leƙa cikinsu, irin na nukiliya. Nan kwamfuta ta shigo, ta hanya biyu.

Hanya ta farko ana ce mata ta ruwa biyu. Ana yanka cikin tukunya gida-gida kamar gidajen dara, dubbai, a kowane gida a rubuta cewa abin da ya shiga sai ya fita ko ya taru, kuma ba abin da ke sauya gudu sai da ƙarfin da ya tura shi. Iska ruwa ce a idon lissafi, wannan ba gardama. Dabarar ita ce a ɗauki tarin ƙwaya shi ma a matsayin wani ruwa na biyu da ke ratsa na farko. Anderson da Jackson ne suka shimfiɗa tushen wannan a 1967. Sai dai ruwa yana da kauri da matsi, to mene ne kaurin dawa? Don amsa wannan aka aro nazariyyar da ake bayanin gas da ita, aka ce ƙwayoyi suna karo da juna bibbiyu, karo na ɗan take, aka ƙirƙiro abin da ake kira zafin ƙwaya, wanda ba zafin wuta ba ne, ma'aunin kai-komon ƙwayoyi ne a kewayen matsakaicin gudunsu. A maƙogwaro da laima wannan zato yana da kama da gaskiya. A zobe kuwa ya rushe. Ƙwayoyin zobe ba karo suke yi ba, jingine suke da juna, kowace tana ɗauke da nauyin na bisanta, suna goga suna zamewa. Dole aka liƙa wani lissafin gogayya da aka aro daga masana ƙasa da yashi, irin na Schaeffer da na Johnson da Jackson, duka na 1987. Kuma mafi yawan hatsin tukunya a zoben yake. Ke nan hanyar ruwa biyu ta fi rauni daidai inda kayanmu suka fi daɗewa. Kyanta dai sauƙi: ba ruwanta da yawan ƙwayoyi, babbar tukunya ma tana iya ɗauka.

Hanya ta biyu ita ce bin ƙwaya ɗaya-ɗaya, wadda ake taƙaitawa da DEM. Cundall da Strack suka fito da ita a 1979 don nazarin ƙasa da tsakuwa, sannan a 1993 Tsuji da abokansa a Osaka ta Japan suka haɗa ta da lissafin iska. Nan kowace ƙwaya tana da wurinta, da gudunta, da juyinta. In biyu suka taɓa, kwamfuta tana ɗauka kamar akwai ɗan sifirin tsakaninsu mai turewa, da abin shanye ƙarfi, da gogayya mai hana zamewa. Zobe sai ya fito da kansa ba tare da an liƙa masa komai ba. Wannan ce ɗan yayata ya yi amfani da ita, kuma ni ma ita na fi yarda da ita ga tukunyar tsartuwa.

Tsadarta ce matsala. Ƙwayar dawa 1,000 nauyinsu wajen giram 30 ne, don haka buhu mai kilo 90 yana ɗauke da ƙwaya kimanin miliyan 3. Karo kuwa gajere ne ƙwarai, sai an yanka sakan ɗaya gida 100,000 ko fiye kafin a kama shi. Ninka ka gani: sakan 10 kacal na buhu ɗaya lissafi ne na tiriliyoyi, alhali busarwa aikin awa ne. Shi ya sa masu wannan sana'a suke da dabarun rage nauyi. Suna tausasa sifirin ɗin fiye da taurin ƙwaya na gaske don a tsawaita taku. Suna haɗa ƙwayoyi da yawa su zama ƙatuwa ɗaya. Suna yanko siririn ɓangare na tukunya su ce ya wakilci saura. Kowace dabara halal ce in an faɗe ta, amma kowace tana cin wani abu daga gaskiyar hoton. Akwai ma wani cikas na musamman ga wannan tukunya: lissafin yana son gidan dara ya fi ƙwaya girma sau uku ko fiye, hujin iska kuwa a misalinmu faɗin ƙwaya 15 ne kawai. Gida huɗu ko biyar ke nan a wurin da komai yake farawa.

Hanyoyin biyu sun haɗu a ƙofa ɗaya, wato tambayar da wane ƙarfi iska ke jan ƙwaya. Ba daga sama aka saukar da amsar ba, daga gwaji aka tattaro ta. Sabri Ergun ya ba da ƙa'idar iska mai ratsa cushen tari a 1952. Wen da Yu sun ba da ta ƙwayoyi masu warwatse a 1966. Gidaspow ya haɗa su: in sararin da ke tsakanin ƙwayoyi bai kai kashi 80 cikin 100 ba a bi Ergun, in ya wuce a bi Wen da Yu. A daidai wurin sauyin nan ƙa'idojin biyu ba su ba da amsa ɗaya, akwai tsalle. A zobe sarari wajen kashi 40 ne, a gindin maƙogwaro kusan 100, don haka iyakar da ta fi komai muhimmanci a tukunyar tana ratsa wannan tsalle. Sauya ƙa'idar ja, laima ta ƙara tsayi ko ta ragu. Sauya lambar da ke nuna yawan tsallen ƙwaya bayan karo, ta sake sauyawa. Mai haƙuri zai iya murɗa waɗannan lambobi har hoto ya yi kama da duk abin da ransa ke so.

To da me ake gane na gaskiya? A 1994 wani mai bincike mai suna He da abokansa a Jami'ar British Columbia da ke Bankuba sun tura siraran zaren haske cikin tukunya mai faɗin santimita 15.2, suka auna gudun ƙwaya da yawan sarari wuri-wuri. Aiki ne mai kyau, kuma takardu da yawa na kwaikwayon kwamfuta da shi suke gwada kansu. A 2006 Du da abokansa a Sin sun gwama ƙa'idojin ja daban-daban da waɗannan ma'aunai, ta Gidaspow ta fi kusa. Amma me ke cikin tukunyar He? Ƙwallayen gilashi masu kaurin milimita 1.41, sumul, masu tauri, duk girma ɗaya, ba sa jiƙa ba sa bushewa. Lambobinsu ne ɗan yayata ya ara.

Yanzu ɗauko gyaɗa mai ɓawo ka duba. Doguwa ce, da ƙugu a tsakiya, da kaushi, wata mai ɗa ɗaya wata biyu wata uku. Ɗanya tana da nauyi, ba ta tsalle, ƙasa na manne da ita. Da ta fara bushewa sai ta yi sauƙi, 'ya'yan su saki ɓawo su riƙa kaɗawa a ciki. Wato kayan da ka fara da shi ba shi ne wanda za ka ƙare da shi ba, kuma iskar da ta isa da farko za ta iya watso gyaɗa waje a ƙarshe. Ɓararriya kuma tana rabewa biyu in ta sha duka, kuma mita 40 a sakan duka ne. Riɗi shi ma nasa daban: falale ne, 1,000 nauyinsu wajen giram 3 ne kawai, iska tana jansa daban in ya ba ta fuska, daban in ya ba ta gefe. Manhajojin zamani suna iya gina doguwar ƙwaya ta hanyar manna ƙwallaye da yawa, amma ba su san gogayyar ɓawon gyaɗar gonakin Rahad a kan ƙarfen ganga ba sai an gaya musu.

Abin da ke faranta mini rai shi ne gaya musun bai fi ƙarfinmu ba, ko a halin da muke ciki. Manhajar MFiX ta hukumar makamashin Amurka kyauta ce, OpenFOAM da LIGGGHTS ma haka. Ma'aunai kuma ba sai da zaren haske ba. Zuba mudu ɗaya a daɓe ta mazurari, ka auna tsayin tulin da faɗinsa, ka murɗa gogayya a kwamfuta har tulinta ya yi daidai da naka. Saki ƙwaya daga sanannen tsayi bisa farantin ƙarfe, ka ɗauka da waya a hoto mai tafiyar hawainiya. Tushe na biyu na tsayin dawowa a kan tsayin saki shi ne lambar tsalle, ka maimaita sau da yawa domin doguwar ƙwaya ba ta faɗuwa iri ɗaya sau biyu. Cika gwangwani da hatsi ka zuba kananzir har baki, abin da ya sha shi ne sararin da ke tsakani. Tiyo mai haske a lanƙwashe, da ruwan karkade a ciki don a gani, ya isa auna matsi. Sannan a tsaga bututu mai faɗin santimita 15 biyu, a liƙa masa gilashi a fuska, a ga maƙogwaro da ido, a rina 'yan ƙwayoyi a bi su da agogo yayin da suke sauka, tare da sanin cewa gilashin da kansa yana ɗan rage musu gudu.

Sharaɗi ɗaya ne nake riƙewa da ƙarfi. Ka daidaita lambobinka da gwaji ɗaya, sannan ka cire hannu. Ka sauya tsayin tari ko faɗin huji, ka bar kwamfuta ta faɗi abin da zai faru, ka rubuta a takarda, daga baya ka kunna fanka. In ta ci, ta samu izinin yin magana a kan babbar ganga. In ta faɗi, ka koyi abin da babu shi a takardar kowa.

Zan ƙara da abin da ɗalibai ba sa son ji. Dawar Gadarif ba ta bukatar wannan tukunya. Ana girbinta bayan damina ta ɗauke, iska a bushe, rana kyauta, ita kuwa tsartuwa tana cin wutar fanka da yawa. Inda nake ganin amfaninta shi ne gyaɗar da ruwan ƙarshen damina ya riska, wadda in ta kwana da danshi fumfuna ke sa mata gubar afalatoksin ta lalata lafiya da kasuwa. Sai suya, sai lulluɓe iri da magani kafin shuka, sai mayar da ruwan karkade ko na ƙaro gari ta hanyar fesa shi kan ƙwallaye masu zagaye, sai kuma ɓawon gyaɗa da karan auduga na Jazira, waɗanda dabarar Bilbao za ta iya mayarwa gawayi da mai.

Bayan mako ɗaya ɗan yayata ya dawo da mudu uku na gyaɗa, ɗanya da mai ɗan danshi da busasshiya, da littafi cike da lambobin da ya auna da hannunsa. Muka tafi wurin wani dattijo mai walda a bayan kasuwar amfanin gona don a yi mana ƙaramar tukunyar gwaji. Ya daɗe yana duban zanen, ya ɗora yatsa a gindin mazurarin ya ce, "Yaro, hujin nan ka tabbata da girmansa?"

"Ban tabbata ba tukuna, Baba."

"To ba zan kama shi da wuta ba. Zan yanka muku faranti uku, huji daban-daban, in ɗaure da noti. Ku kawo fankar jibi da safe, kafin a ɗauke lantarki."